Daga Bangala Zuwa Al-Lis: Abin da Na Gani a Maƙogwaron Kifin Bahar Maliya

Tun a Yawuri mahaifiyata ta kafa mini sharaɗi: in na gama Umara na dawo ban je Jidda na gaida ƙaninta ba, kada in kawo mata ko dabino. Kawu ya bar gida yana ɗan ƙaramin yaro, tare da kakanmu, ta hanyar da mahajjatan da ke bi a lokacin: Maiduguri, Cadi, Sudan, a tsallaka teku daga gaɓar Sawakin. Kakan ya rasu a Makka, shi kuma Kawu ya girma a can, ya yi aure, ya tara iyali. Hausarsa tana nan garau, irin ta tsofaffi, sai dai duk jimla uku sai ka ji "halas" ko "yalla" ta faɗo ciki.

Na hau jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, kafin in gama kallon duwatsun bayan Makka har mun iso. Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ya ɗauke ni a tasha, yana tsokanata tun daga bakin ƙofa wai ya ji labarin mutanen Yawuri ba su san kifin da ya wuce tarwaɗa ba. Gidan da aka haife shi babu shi yanzu, yana cikin tsofaffin unguwannin kudancin birnin da aka rushe tsakanin 2021 da 2022, inda Hausawa da yawa suka zauna shekara da shekaru. Sun koma can gefen gari. Sana'ar Kawu dai tana inda take, a babbar kasuwar kifi da kowa ke kira Bangala, bakin teku, kusa da tsohon gari.

Da asuba muka tafi. Lokacin sanyi ne, amma sanyin Jidda bai kai a ɗauko bargo ba. Mun tarar har an fara gwanjo, wanda suke kira haraj: dillali na tsaye kan tulin kifi yana zuba farashi da sauri, masu gidajen abinci suna ɗaga yatsa. Tsarin kasuwar mai sauƙi ne. Ka sayi kifinka a rumfa, ka kai sashen masu gyara su kankare su yanka a biya su bisa kilo, in ka ga dama ka wuce wajen masu suya. Kawu yana sashen tsakiya, da wuƙa da almakashi da abin kankara, da bokiti a gefen ƙafarsa.

Wannan bokitin ne ya cinye mini safiya. Na yi karatun kifi a kwalejin New Bussa, ina kuma da 'yan kududdufan tarwaɗa a gida, amma kifin teku a hoton littafi kawai na san shi. Ga shi yau ana jefa manumfasarsu iri-iri cikin bokiti ɗaya, wannan jan abin da ke ƙarƙashin murfin kumatu wanda kowace mai girki ke fara cirewa domin yana sa miya ɗaci. Na roƙi Kawu ya riƙa ajiye mini su a kan allo kafin ya zubar.

"Malam," in ji shi, haka yake kirana in zai yi mini dariya, "mutane na zuwa Jidda su sayi zinare, kai ka zo tsintar shara?"

Amma ya ajiye. Har ya riƙa wanke su da tiyo.

Ginin iri ɗaya ne a kusan duk kifi mai ƙashi. A kowane gefen kai akwai ƙasusuwa huɗu masu lanƙwasa, jere ɗaya bayan ɗaya. Ta bayan kowanne akwai jajayen zaruruwa layi biyu, nan ake numfashi. Ruwa na shiga ta baki ya bi ta tsakaninsu ya fita ta ƙarƙashin murfi, jini kuma yana gudana a cikinsu ta fuskar da ta saɓa wa ta ruwan, saboda haka duk inda suka haɗu ruwan ya fi jinin oksijin, jinin na ta karɓa har ƙarshe. Da wannan dabara kifi kan iya kwashe har kashi 80 cikin 100 na oksijin ɗin ruwan da ya ratsa shi. Dole ce ta sa: lita ɗaya ta ruwan teku ba ta ɗauke da ko kashi ɗaya cikin 30 na oksijin ɗin da ke cikin lita ɗaya ta iska, kuma ruwa mai ɗumi da gishiri ya fi ƙaranci. Bahar Maliya ta haɗa duka biyun. Babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba cikinta, rana na ta shanye ta, gishirinta ya kai wajen giram 40 a lita alhali na sauran tekuna 35 ne. Kifin nan shan ruwan gishirin yake yi, ya fitar da gishirin ta waɗannan zaruruwan dai.

Ta gaban ƙashin kuwa, wajen da ke fuskantar cikin baki, akwai wasu farare-fararen tsinkaye. Ba su da jini sosai, ba ruwansu da numfashi. Matsalar da suke warwarewa ita ce baki ɗaya ne ke shan ruwa yake kuma ɗaukar abinci, to dole a sami abin da zai tare abincin kada ya bi ruwa ya fice, ya kuma kare jajayen zaruruwan daga rauni. Zaruruwan kusan kamarsu ɗaya a duk kifin da Kawu ya yanka. Tsinkayen ne kowane da nasa.

Wata mata ta kawo baga cike da leda. Ƙaramin kifi ne, bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, bayansa kore-kore da ɗigo baƙi, kuma yana cikin mafi araha a kasuwar. Kawu ya matse kumatun ɗaya, bakin ya wage, sai ga tsinkayen nan dogaye, sirara, cunkus, har sun leƙo cikin bakin ana ganinsu ba tare da an yanka komai ba. Littafi ya ce a ƙasan ƙashin farko kaɗai ana samun 30 zuwa 46, kowanne kuma da 'yan gashi-gashi a jikinsa. Baga garke yake tafiya, baki buɗe, yana ratsa ruwa yana tace filankiton, wato ƙananan halittun nan da ke shawagi a teku, 'ya'yan jatan lande da ƙwan kifi da makamantansu, waɗanda da yawansu ido ba ya gani. Haƙoransa kuwa sai ka shafa da yatsa kafin ka yarda akwai su.

Ba a jima ba wani mai gidan abinci ya dire dirak guda, ya fi tsawon hannuna, siriri, da zane-zane a tsaye a gefensa da haƙora masu kaifi jere. Kawu ya sa almakashi ya ciro ƙashin farko ya ajiye kusa da na baga. Kusan sumul yake. 'Yan ƙulle-ƙulle gajeru, waɗanda a wannan kifin ba sa wuce takwas, wani lokaci ma ɗaya tak.

Na ce, "Kawu, ka san waɗannan biyun dangi ɗaya ne? Su da tuna duk gida guda."

Ya dubi bagar, ya dubi dirak ɗin, ya dubi wutsiyoyinsu, ya nuna mini 'yan ƙananan fukafukan da ke jere kafin wutsiya a jikin kowanne. "Wannan na daɗe da gani," in ji shi. "To amma wane irin zumunci ne, babban yana cin ƙaramin? Sau nawa ina farke cikin dirak in tarar da baga ko sardin a ciki, ko narkewa bai yi ba."

Nan maganar take. Abin da dirak ke kamawa ya fi ƙarfin ya sulale ta tsakanin ƙasusuwan, saboda haka ba ya bukatar shinge. Hasali ma tsinkaye masu yawa cikas za su zame masa: su tare hanyar babbar loma, su rage gudun ruwan da yake bukata in ya zabura. Baga kuwa in aka ba shi maƙogwaron dirak, da yunwa zai mutu yana iyo cikin abinci. Daga baya aka kawo akam, dogon mafaraucin nan mai ƙasan baki a gaba, babban nau'insa ba shi da tsinke ko ɗaya, sai kaushi a jikin ƙashin. Hamur da najil, masu laɓewa a kogon murjani (dutsen da ƙananan halittu ke ginawa a cikin teku) su wage baki farat ɗaya su zuƙo kifi da ruwan da ke kewaye da shi, nasu gajeru ne masu kauri da ƙananan ƙayoyi. Na sa yatsa na ja baya, ya kama ni. Wanda aka haɗiye da rai yana neman hanyar fita ta gefe, nan zai maƙale.

Jajayen zaruruwan ma suna ba da nasu labarin, ko da yake sai an lura. Kifin da ke bin abincinsa da gudu, kamar tuna, zaruruwansa sun fi yawa da cunkoso nesa ba kusa ba idan aka gwada da nauyin jikinsa, kuma ba ya tsayawa ya buga murfi ya ja ruwa, gudun da yake yi baki a ɗan buɗe shi ke tura masa ruwan. In ya tsaya, ya shaƙe. Hamur mai kwanton ɓauna ba ya bukatar wannan duka.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne harid, kifi mai launin kore da shuɗi da ruwan hoda, wanda haƙoransa suka haɗe suka zama baki irin na aku. Kawu bai tsaya kan tsinkayensa ba, ya zura almakashi can ciki ya ciro wasu ƙasusuwa masu faɗi shimfiɗe da haƙora, ɗaya a ƙasa biyu a sama. Na ƙasan asalinsa ƙashi na biyar ne a jerin nan, wanda ya bar aikin numfashi ya koma niƙa. Harid yana kankarar dutsen murjani don gansakukar da ke kai da cikinsa, ya niƙe dutsen a maƙogwaro, ya kasayar da farin yashi. Wani kaso na yashin gaɓar wuraren murjani ta cikin wannan kifi ya biyo. Shi kuma kifin da suke kira arabi laka yake zuƙa daga ƙasan ruwa, tsinkayensa masu laushi da yawa su ware abin ci, ya furzar da tsakuwa, sauran ya tafi cikin wani ƙundu mai kauri irin na kaza. Kawu ya ce akwai masu saye da ke cewa a bar musu ƙundun, su soya.

Wajen ƙarfe tara, da allon ya cika, na jera su daga mai yawan tsinke zuwa marar ko ɗaya: sardin, baga, arabi, sha'ur mai 'yan ƙulle-ƙulle da turamen fasa ƙaguwa, hamur, najil, dirak, akam. Taubashina ya leƙo ya ce ai wannan jerin farashi ne na yi, daga na talaka zuwa na mai kuɗi. Ba daidai ɗari bisa ɗari ba, akam ya ɓata lissafin don ba ya tsada duk da rashin tsinkensa, amma gaskiyarsa ta fi yawa, kuma akwai dalili. Duk lokacin da wata halitta ta ci wata, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na ƙarfin abincin ke zama tsoka, sauran ya tafi wajen iyo da numfashi. Mai tace filankiton yana ci daga gindin abin, don haka teku na iya ɗaukar miliyoyinsa. Najil yana can sama, mai cin mai ci ne, ba zai taɓa yawa ba. Shi ya sa hukuma ke hana kama shi a watannin Afrilu da Mayu lokacin da yake taruwa don zuba ƙwai. Ni dai a ganina mutanen Jidda suna zalunci ga baga. Mai ne da shi mai kyau, ɗanɗanonsa ya fi na najil ƙarfi, kawai yawansa ne ya ja masa raini.

A makaranta an koya mana cewa tsinkayen nan rariya ce, ruwa ya wuce, tsaki ya tsaya. Duk wadda ta taɓa tankaɗe ta san rariya toshewa take yi, sai an tsaya an buga gefenta, kifi kuwa yakan yi ta tacewa ba tsayawa, har yana kama abin da ya fi ramukan ƙanƙanta. A 2001 wata mai bincike a Amurka, Laurie Sanderson, da abokan aikinta suka zura 'yar ƙaramar kyamara cikin bakin kifaye masu rai suna cikin cin abinci, har da wani nau'in karfasa, suka buga abin da suka gani a mujallar Nature. Ruwan ba karo yake yi da tsinkayen kai-tsaye ba. Shafa su yake yana wucewa zuwa maƙogwaro, yana tsiyayewa kaɗan-kaɗan ta tsakaninsu, abincin kuma yana ci gaba da tafiya cikin ragowar ruwan yana ƙara kauri, akasarinsa bai ko taɓa tsinkayen ba. Kamfanonin tace lemo da madara suna amfani da irin wannan hanya. Na yi wa Kawu bayani da hannu, ya ce shi abin da ya sani, bai taɓa buɗe baga ya tarar da tsinkayensa a toshe ba.

Da rana Inna, matar Kawu, ta yi mana sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da albasar da aka soya har ta yi duhu, da soyayyen sha'ur da miyar tsamiya a gefe. Da la'asar muka zaga Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajen masu tagogin katako da dutsen murjani aka gina su, in ka matsa kusa da bangon da shafensa ya ɓare za ka ga ramukan halittun da suka yi shi.

Taubashina motar sanyi yake ja, yana ɗauko kifi daga garuruwan gaɓar kudu, sai na bi shi Al-Lis, wajen kilomita 200 daga Jidda. Mun tashi cikin dare. Hanyar miƙaƙƙiya ce, fili fetal, teku a dama ba a ganinta sai warinta, can hagu duwatsun Sarawat in gari ya fara wayewa. Ya kunna karatun Alƙur'ani, daga baya ya koma ba ni labarin yadda yake son zuwa Najeriya ya ga Argungu, ƙasar da fasfonsa ya ce tasa ce amma bai taɓa taka ta ba. Duk yadda ka yi kudu a wannan teku, ruwan na ƙara abinci, domin ta mashigar Babul Mandab ruwan Tekun Adan ke shigowa da sinadaran da filankiton ke rayuwa a kai. Arewa ruwan ya fi haske da kyan gani, kuma hasken nan alamar ƙarancin abinci ce.

Al-Lis ƙaramin gari ne mai tashar jiragen masunta da babbar gonar jatan lande a kusa. Abin da ya kai sunansa cikin littattafan masana shi ne wani tudun murjani da ake kira Shi'ib Habil, 'yan kilomitoci daga gaɓa, inda kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya ke taruwa a watannin Afrilu da Mayu. Larabawa na ce masa ƙirshul hut. Dangin shak ne, babbansa kan wuce mita 12, amma masu zuwa nan matasa ne, akasari wajen mita huɗu, maza da mata kusan daidai, abin da ba a cika samu ba a sauran wuraren taruwarsu. Masu bincike na jami'ar KAUST da ke Suwal sun yi shekaru suna maƙala musu na'ura suna bin sawunsu. Ban zo a lokacin taruwar kifayen ba, sai a wayar wani matuƙin jirgi na ga bidiyo: ƙaton baki mai faɗi a saman ruwa, a buɗe, ruwa na kwarara ciki, tsagogi biyar a gefen wuya suna buɗewa suna rufewa. Haƙoransa layi ne wajen 300, ƙanana ƙwarai, ba ya cin abinci da su. A maimakon tsinkaye yana da faifan tacewa guda 20 a cikin maƙogwaro, ramukansu kimanin milimita ɗaya. Wani bincike da aka yi a gaɓar Meziko ya ƙiyasta cewa mai tsawon mita shida yana tace wajen lita 600,000 a awa guda. Abincinsa da na bagar da ake sayarwa a leda kusan ɗaya ne. Matuƙin ya ce yakan bi gefen jirgi a hankali, yara ma suna iyo kusa da shi.

Muna cikin kallon ne aka fara sauke kaya. Taubashina ya bar ni ya nufi akwatunan, kuma shi ma murfin kumatu yake ɗagawa, da babban yatsa, kifi bayan kifi, sai dai ba tsinke yake ƙirgawa ba. Launi yake dubawa. Zaruruwan cike suke da jini, ga su sirara, ga ƙwayoyin cutar ruwa a jikinsu, don haka su ke fara lalacewa tun tsoka da ido suna nan kamar babu komai. Ja wur, na yau ne. In ya koma ruwan ƙasa da yauƙi, ya kwana ba ƙanƙara isasshiya. Ya ture akwati biyu na sha'ur gefe, mai su ya rantse da asuba ya fito da su, taubashina ya ɗaga murfin ɗaya ya kai masa hanci. Aka yi ta ja-in-ja da Larabcin da ban kama ko rabinsa ba, har aka rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ya ce waɗannan na masu suya ne, ba za su hau rumfa ba.

Ya miƙo mini shebur ya ce tunda malamin kifi ne ni, in zuba ƙanƙara, layin kifi layin ƙanƙara, kada in bar ko kai ɗaya a waje. Kafin azahar muka kama hanyar Jidda da baga akwati goma sha, dirak shida da najil biyu da ya naɗe daban ya ajiye can ƙurya, don tun daren jiya wani ya biya kuɗinsu.